Kwamfuta uku, manhaja takwas: nazarin wani shagon buga takardu a Kabuga

Saura 'yan makonni azumin 2025 kawuna ya kira ni a waya da hantsi, muryarsa ba yadda na saba ji ba. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Kai, in kana kusa ka zo yanzu. Aikin wata yarinya ya salwanta a hannunmu."

Shagon Kawu yana Kabuga ne a Kano, ba nisa da tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. Irin shagunan nan ne da ake taifin, a buga takarda, a yi fotokwafi, a sikanin satifiket, a ɗinke firojet. Da na isa na tarar da ɗalibar zaune a benci ta rufe fuska da mayafi. Babi biyar ta kawo a filash, aikin wata huɗu, kuma ba ta da kwafi a ko'ina domin laftof ɗin da ta yi aikin a kai na aro ne, mai shi ya karɓe abinsa. Yaron shago ya soka filash ɗin a kwamfutar tsakiya, sai foldojinta duk suka koma wasu 'yan gumaka masu ƙaramar kibiya a gindi. Ya danna ɗaya, wani baƙin akwati ya ƙifta ya ɓace, shi ke nan.

Wanda ya daɗe a wannan sana'a ya san ciwon. Wannan bairos ba ya goge komai. Ɓoye foldojin yake yi, ya lulluɓe su da alamar da Windows ke sa wa fayilolinta na ciki, sannan ya ajiye gajerun hanyoyi masu irin sunayensu. Duk wanda ya danna, ya tayar da shi ke nan, ya shige kwamfutar ya zauna yana jiran filash na gaba. Na sa filash ɗin a laftof ɗina, ban danna komai a ciki ba, na buɗe baƙin allon umarni na rubuta layi ɗaya:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Foldojin suka dawo cif. Ta duba babi na huɗu, ta duba na biyar, ta yi hamdala har sau uku, ta biya kuɗin bugu ta tafi. Kawu bai ce uffan ba sai da ta fita. Sannan ya juyo ya ce, "Wannan shi ne na uku a watan nan. Anti-bairos biyu muke da su a kowace kwamfuta. To me suke yi?"

Daga wannan tambaya aikin ya fara, kuma ya ɗauke mu kusan mako uku muna yi bayan la'asar, lokacin da ciniki ya lafa.

Abin da na tarar

Kwamfutocin uku ne, duk na hannu, irin na ofis da ake shigowa da su daga Turai ana sayarwa a titin Beirut. Biyu suna da ram gigabait 4, ɗaya tana da 8, duka da Windows 10 da tsohon hadis mai juyawa. Na buɗe jerin manhajojin kwamfutar tsakiya na ƙirga 41. Akwai masu buɗe PDF guda uku, masu kunna bidiyo huɗu, masu "share datti" biyu, mai "sabunta direba" ɗaya, mai "ƙara gudu" ɗaya, masu hanzarta saukar da fayil biyu, da wasu da babu wanda ya san ranar da suka shigo. Kusan goma sha biyu daga ciki suna tashi ne tare da kwamfutar. Daga danna makunni zuwa lokacin da za a iya buɗe takarda sai an yi fiye da minti shida, na duba da agogo. Taron tsintsiya ba shara.

Minti shida ba wasa ba ne a shagon da ake ɗauke wuta sau da yawa a yini. Duk ɗaukewa sai an tayar da janareto, a sake kunna kwamfuta, a zauna ana kallon allo fetur yana ƙonewa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 Kawu yake lissafin fetur da lita-lita a wani ɗan littafi. Ga data kuma, wadda a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince a ƙara kuɗinta da kashi 50 cikin 100. Kowace daga cikin waɗannan manhajoji da ke sabunta kanta a ɓoye, ko take jawo talla, daga aljihunsa take ci.

Ta ina suka shigo? Hanya uku. Ta farko wani faifai da masu gyara ke yawo da shi, wanda a danna sau ɗaya yake zuba manhajoji barkatai, yawancinsu fasassu, wato an karya makullin lasisinsu. Ta biyu yaron shago, wanda in kwastoma ya kawo fayil ya ƙi buɗuwa sai ya shiga intanet ya danna koren maɓallin farko da ya gani. Ta uku kuwa manhajojin ne da kansu, domin wasu in kana saka su suna maƙalo da 'yan rakiya, kai kuma kana ta danna "gaba, gaba" ba ka karanta ba. Ban ga laifin yaron ba. Kwastoma na tsaye a kansa yana ce masa zai makara, kuma asusun da yake aiki da shi yana da cikakken iko a kan kwamfutar, babu abin da zai tsayar da shi.

Littafin Kawu

Kuskuren da na kusa yi shi ne in zo da jerin manhajojin da ni nake so in zuba musu. Kawu ne ya hana, ba tare da ya san ya hana ba. Ya ce kafin a goge komai yana so ya san abin da kowace take yi masa. Sai muka juya tambayar: maimakon mu tambayi me manhaja take yi, mu tambayi me ake zuwa nema a shagon. Na roƙi Malama mai taifin, wadda ta shekara tara a wurin, ta riƙa rubuta kowane aiki da ya shigo a bayan littafin fetur har tsawon mako guda.

Abin da ya fito bai da yawa. Taifin da gyaran firojet. Buga PDF. Sikanin takardun shaida a haɗe su wuri guda. Rage nauyin hoton fasfo ko na takarda don shafin neman aiki ko na makaranta ya karɓa. Buɗe fayil ɗin da aka matse. Neman aikin wani da aka ajiye wata biyu baya. Jefi-jefi kuma a kunna bidiyon biki ko karatun malami kafin a tura wa mutum a waya. Iyakarta ke nan. A cikin mako guda babu wanda ya zo neman abin da zai sa a buƙaci mai sabunta direba.

Daga nan muka tsayar da sharuɗɗan da kowace manhaja za ta cika kafin ta shiga. Sai ta kasance tana da aiki a littafin Malama. Sai tana aiki ba tare da intanet ba. Sai an sauko da ita daga shafin wanda ya ƙirƙire ta. Na huɗun Kawu ne ya kawo shi, kuma shi ya fi ba mu wahala: sai mai ita ya yarda a yi kasuwanci da ita. Ya ce shi ɗinki ya fara kafin wannan sana'a, kuma ya san zafin a sa rigar da ka ɗinka a hana ka kuɗinka. Tunda da wannan shago yake ciyar da iyalinsa, ba ya son haƙƙin wani ya gauraya da abincinsu.

Kafin mu kai ga zaɓe, na tambayi wani abu da ake yawan tsallakewa: wanne daga cikin ayyukan nan Windows take yi da kanta? Ashe da dama. Ɗaukar hoton allo yana nan a Win da Shift da S. Mayar da takarda PDF yana cikin jerin firintoci da sunan Microsoft Print to PDF. Kariyar bairos ta Defender tana ciki, ba a biyan ko sisi, kuma ita kanta janyewa take yi in aka saka wata a kanta. Wato anti-bairos biyun da Kawu yake taƙama da su sun kashe wadda ke sabunta kanta kullum, su kuma lasisinsu ya ƙare tun bara, ba su ƙara samun sabon bayani ba. Amsar tambayarsa ta ranar farko ke nan.

Muka kwashe ayyukan mutane zuwa hadis na waje, muka goge kwamfutocin ƙaf, muka sake zuba Windows da lasisin da suka zo da shi.

Waɗanda suka shiga ba gardama

Uku ba su ɗauke mu minti goma ba. 7-Zip, wadda Igor Pavlov ya fitar tun 1999, nauyinta bai kai megabait 2 ba, tana buɗe ZIP da RAR da 7z, kuma lasisinta ya halatta amfani da ita a wurin kasuwanci. Ita ta maye gurbin WinRAR, wadda gwajin kwana 40 take bayarwa, bayan haka ya kamata a saya. Shafin 7-Zip na gaskiya 7-zip.org ne, da ɗan layi a tsakiya, na kuma rubuta shi a bango. VLC, wadda ta samo asali daga aikin ɗalibai a wata makarantar injiniya a Faransa, ta kori masu kunna bidiyo huɗu ita kaɗai. SumatraPDF kuma ta zama mai buɗe PDF, domin kafin ka ɗauke yatsa daga maus ta buɗe, ko a kwamfuta mai gigabait 4. Rauninta shi ne cike fom, amma Edge da ke cikin Windows yana yin wannan, sai muka bar masa.

Hoton fasfo da maganar lasisi

A nan sharaɗin Kawu ya fara cizo. Aikin da ya fi yawa bayan bugu shi ne rage hoto. Mutum ya zo da hoton da aka ɗauka da waya, megabait 3 ko 4, shafin kuma ya ce kada ya wuce kilobait 50. Ni a gida da IrfanView nake wannan aiki shekara da shekaru. Irfan Škiljan ne ya rubuta ta tun 1996, ƙarama ce, tana iya rage hoto ɗari a lokaci guda. Na saka ta, Malama ta gwada ta ce ta yi mata. Sai na buɗe shafin lasisin don in karanta wa Kawu, na ga abin da ban taɓa tsayawa na lura da shi ba: kyauta ce ga mai amfanin kansa da makarantu da ƙungiyoyin agaji, amma mai kasuwanci sai ya saya.

"To a saya mana," in ji Kawu. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Muka gwada da katinsa na naira, ya ƙi biya, domin a lokacin bankuna da yawa sun rufe biyan kuɗi zuwa ƙasashen waje da katin naira. Na ce masa, "Kawu, babu fa wanda zai zo daga Turai ya duba shagonka." Ya dube ni ya ce ai ba don mai dubawa yake yi ba. Na cire ta.

Paint.NET ce ta zauna a gurbin. Ta fi nauyi, kuma ba ta yin hotuna da yawa a tare, amma kyauta ce har ga 'yan kasuwa in aka sauko da ita daga getpaint.net. Tana kuma da wani abu da ya dace da aikin sosai: in za ka adana hoto a JPEG, akwai ɗan majanyi na inganci, kana ja tana nuna maka nauyin da fayil ɗin zai zama. Malama ta riƙa rage faɗin hoton tukuna, sannan ta ja majanyin har lambar ta sauko ƙasa da 50. A da sai ta adana sau huɗu ko biyar tana cankar nauyi.

Wannan ya koya mini cewa kalmar "kyauta" kala-kala ce a duniyar manhaja. Akwai kyautar da aka sakar maka har da lambobin da aka gina ta da su. Akwai kyauta ga gida ban da shago. Akwai ta gwaji mai wa'adi. Akwai kuma wadda kai ne kuɗin, ana sayar da idonka ga masu talla. Duka huɗun maɓalli iri ɗaya suke nuna maka a shafi.

Takardun mutane

Abin da ya fi tayar mini da hankali a shagon ba bairos ba ne. Yadda ake rage nauyin PDF ne. In aka sikanin satifiket da takardar haihuwa da silif ɗin NIN suka yi nauyi, yaron yakan ɗora su a wani shafin intanet mai matse PDF, ya sauko da ƙaramin. Aikin yana fita, amma takardun mutum, da hotonsa da lambarsa da ranar haihuwarsa, sun tafi wata kwamfuta a ƙasar da ba mu sani ba, kuma ba a tambaye shi ba. Wataƙila shafin yana gogewa kamar yadda ya yi alƙawari. Mu dai ba mu da hanyar tabbatarwa. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun Yunin 2023, amma ko babu doka, wanda ya miƙo maka takardunsa amana ya ba ka.

Da na bi diddigi sai na ga matsalar daga sikana take. An bar ta a 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci, mai launi, tun ranar da aka saye ta. Takardar A4 a wannan ma'auni ɗigo kusan miliyan 35 ce. In aka sauko 150 dpi sai ta koma miliyan 2 da 'yan kai, wato kashi ɗaya cikin 16, kuma rubutun yana karantuwa sarai a allo. Ana kumbura fayil ne da hannu sannan a kashe data a je a rage shi.

NAPS2 ta warware wannan. Ƙaramar manhajar sikanin ce, buɗaɗɗiya, wato irin kyautar da aka saki har da lambobinta, kana jera shafuka ka juya wanda ya karkace ka fitar da PDF guda. Na yi musu saiti biyu da sunayen Hausa: "Na ɗorawa", 150 dpi ruwan toka, da "Na bugawa", 300 dpi mai launi. Yaron ya daina tunanin lambobi, sai dai ya tambayi kwastoma, "Ɗorawa za ka yi ko bugawa?" Don PDF ɗin da mutane ke zuwa da shi da nauyinsa, da haɗewa da rabawa, muka saka PDF24 Creator ta wani kamfanin Jamus, wadda ke aiki a cikin kwamfuta ba sai da intanet ba. Ita ba ƙarama ba ce, ɗaruruwan megabait ce, don haka sau ɗaya na sauko da ita kuma kwamfutar mai gigabait 8 kaɗai ta samu.

Wadda Malama ta fi so

In ka tambayi Malama wacce ta fi amfani cikin takwas ɗin, Everything za ta ce. Manhajar neman fayil ce ta voidtools. Ba ta buɗe fayiloli ɗaya bayan ɗaya, tana karanta rajistar sunaye ce da hadis mai tsarin NTFS, wato tsarin da Windows ke jera fayiloli da shi, yake ajiyewa, shi ya sa kana rubuta harafi sakamako yana fitowa. Sai dai suna take nema. Ranar farko da muka gwada, muka rubuta sunan wani ɗalibi ba abin da ya fito, domin an adana aikinsa da "Document1", kuma akwai irinsa sun fi talatin. Dole aka sauya ɗabi'a: kowane aiki a sa masa sunan mai shi, da irin aikin, da wata da shekara. Wannan doka ta fi saka manhajar wuya. Sai da Malama ta yi mako biyu tana mayar da yaron ya gyara suna kafin ta zauna masa.

Ƙ, ɗ da ɓ

Malama tana yawan buga ayyukan ɗaliban sashen Hausa, kuma da tsofaffin fon na Rabi'at da Abdalla take yi, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar a shekarun 1990. Sun yi wa rubutun Hausa hidima babba a lokacin da babu wata hanya, jaridu da mawallafa sun daɗe a kansu. Dabararsu ita ce an zana haruffa masu lanƙwasa a gurbin wasu alamomi na kibod. Shi ya sa in aka buɗe takardar a kwamfutar da ba ta da fon ɗin, ko aka kwafe ta zuwa intanet, sai ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya, ɓera ya koma ~era. Ɗalibai kan dawo da fushi cewa malaminsu ya buɗe ya ga shirme.

A nan ba mu saka komai ba. Windows tana da kibod ɗin Hausa a cikin saitin harsuna, in aka kunna shi sai a riƙe Alt na dama a danna k ko d ko b, harafin gaskiya na Unicode, tsarin haruffa na bai ɗaya da kwamfutoci ke amfani da shi, ya fito, wanda Times New Roman ma tana da shi, kuma duk inda takardar ta je haka zai kasance. Akwai ƴ ma, ga masu rubutu irin na Nijar. Malama ta yi turjiya, kuma tana da hujja, yatsunta sun shekara tara suna sanin inda ƙ take. Muka bar mata tsofaffin fon ɗin don ayyukan baya, na kuma nuna mata yadda za ta musanya alamomin shida, na manya da ƙananan haruffa, da nema-da-sauyawa in tsohon aiki ya dawo. Wajen bayan sallah ta koma sabon gaba ɗaya, da kanta.

Inda ban yi nasara ba

LibreOffice ita ce ta takwas, kuma rabin nasara ce. Na so ta maye gurbin Word a duka ukun, tunda kwafin da ke kai fasasshe ne kuma sharaɗin Kawu ya kore shi. Wasiƙa da takardar neman aiki da katin gayyata duk ta yi su lafiya. Firojet ne ya gagara. Ɗalibi ya tsara shafi 80 a Word, da tebura da jerin abubuwan ciki, a buɗe a LibreOffice sai wani tebur ya zame, babi na uku ya faro a tsakiyar shafi, lambobin shafuka su daina dacewa da jerin. Sau biyu aka yi asarar takarda, Malama ta ce ita kam ba za ta ci gaba da ba kwastoma haƙuri a kan abin da ba laifinta ba. Gaskiyarta ne. Kawu ya ciji yatsa ya sayi lasisin Office na gaske guda ɗaya daga wani dillali mai rajista, aka sa a kwamfutarta. Sauran biyun suka zauna da LibreOffice, aka kuma manna takarda a ƙofa cewa wanda bugu kawai yake so ya taho da aikinsa a PDF.

Yaron shago ma ya yi ƙorafi, shi a kan mai share datti. Ya saba duk safiya ya danna ya ga an rubuta an share megabait kaza, hankalinsa ya kwanta. Na nuna masa cewa Windows tana da nata mai sharar, sannan na ba shi labarin abin da ya faru a 2017, lokacin da ɓarayin intanet suka kutsa suka cusa mugun abu a cikin wata mai share datti, CCleaner 5.33, aka rarraba ta daga shafin kamfanin na gaskiya, da sa hannunsa, ta shiga kwamfutoci fiye da miliyan 2. Waɗanda abin ya shafa ba su yi ganganci ba, daga inda ya dace suka sauko da ita. Ma'anar ita ce kowace manhaja da ka saka ƙofa ce ka ƙara wa gidanka, ko da mai ita mutumin kirki ne. Gida mai ƙofa 8 ya fi mai 41 sauƙin gadi.

Saurin da yake nema kuwa daga wani wuri ya zo. Rage masu tashi da kwamfuta ya sauko da minti shida zuwa kusan biyu. Da Kawu ya sayi SSD, hadis marar juyawa mai sauri, na gigabait 256 aka sa wa kwamfutar Malama, sai ta koma tashi cikin ƙasa da rabin minti. Babu manhajar "ƙara gudu" da za ta yi wannan.

Makulli

Duk wannan da ya rushe cikin wata guda in da ba a yi abu na ƙarshe ba. Na buɗe asusu biyu a kowace kwamfuta: na aiki, wanda ba ya iya saka manhaja, da na mai shago, wanda kalmar sirrinsa tana wurin Kawu kaɗai. Everything tana da wani ɓangare da ke gudana a baya wanda ke ba ta damar aiki a ƙaramin asusu, sai na kunna shi. Na sa Windows ta riƙa nuna ƙarshen sunan fayil da ɓoyayyun foldoji, don a gane gajeriyar hanya in an gan ta. Filash ɗin kwastoma kuma kwamfuta ɗaya aka ware masa, a bincike shi da Defender kafin a buɗe. Fayilolin saka manhajojin takwas na tara su a filash guda da ke cikin durowar Kawu, don kada a sake kashe data ko a faɗa shafin bogi.

Ajiya ma ba ta buƙaci sabuwar manhaja ba. Layi ɗaya na robocopy, wanda ke cikin Windows, na sa a wani gunki mai suna "Ajiyar yamma", yana kwafe sababbin ayyuka zuwa hadis na waje ba tare da ya goge na can ba. Amma foldar takardun shaida ba ta shiga ajiyar. Ita duk ranar Juma'a kafin a tafi masallaci ake share ta.

Na koma shagon a ƙarshen Oktoban 2025. Jerin manhajojin yana nan yadda na bar shi, sai direban sabuwar firinta da Kawu ya saka da hannunsa. Malama ta ce sau da dama Defender ta kama wannan bairos a filash ɗin ɗalibai, amma bai sake shiga ba. Sai dai wata matsalar ta iso: ranar 14 ga Oktoba Microsoft ta daina ba Windows 10 gyaran tsaro na kyauta, kuma cikin kwamfutocin uku ɗaya ce kawai take da ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da irin furosesan da Windows 11 ke nema. Akwai ƙarin wa'adi na biya ga 'yan kasuwa, dala 61 kowace kwamfuta a shekarar farko, kuma yana ninkawa duk shekara. Na gaya wa Kawu cewa 7-Zip da VLC da NAPS2 da LibreOffice duk suna aiki a Linux, wani tsari da ake sawa a madadin Windows, amma Paint.NET da Everything ba sa yi, kuma sai mun gwada ko tsohuwar sikanar za ta yarda.

Ya jawo littafin fetur ya buɗe bayansa, inda rubutun Malama na watan Fabrairu yake. Ya ce ta sake rubuta ayyukan mako guda, amma wannan karon ta riƙa sa a wace kwamfuta aka yi kowanne. Ni kuma ya ce in zo ranar Asabar da Linux Mint, wani nau'in Linux, a filash, mu fara gwadawa a ta bakin ƙofa, wadda ake soka filash ɗin kwastoma.